Wa ya ce talaka bai fahimci inshorar lafiya ba?

Duk lokacin da aka tambayi jami'in gwamnati dalilin da ya sa har yau mutane ƙalilan ne ke cikin tsarin inshorar lafiya a Najeriya, amsar bakinsa guda ce: ƙarancin wayar da kai. Wai jama'a ba su san amfanin abin ba, musamman a Arewa, inda ake haɗa mana da zancen jahilci da al'ada da addini. Daga nan sai a ware kuɗi, a kama ɗakin taro a otal, a buga riguna da huluna, a sayi fili a gidajen rediyo. Shekara ta zagayo, a sake tambayar, a sake ba da amsar.

Ni dai ban gamsu ba. Tun watan Yunin 2005 da Obasanjo ya ƙaddamar da hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, ake wannan harka, sama da shekara ashirin ke nan. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya gano cewa cikin masu shekara 15 zuwa 49, mutum uku ne kacal cikin ɗari ke da inshorar lafiya. A 2025 hukumar ta ce masu rajista sun kai miliyan 20, a ƙasar da mutanenta suka zarce miliyan 200. To mutanen da suka koyi tura kuɗi ta waya cikin 'yan makonni lokacin da takardun naira suka yi ɓatan dabo a farkon 2023, ba tare da kowa ya kira su taro ba, su ne za a ce shekara ashirin ba ta ishe su gane kati ɗaya ba? Sun gane sarai. Suna da 'yan uwa ma'aikatan gwamnati masu riƙe da katin, sun raka su asibiti, sun ji abin da aka faɗa musu, suka yanke hukunci. Abin da jama'a ke faɗa kan gyaran harkar lafiya rahoto ne na abin da suka gani da idonsu, kuma da gwamnati na karanta shi a matsayin rahoto, da ta daɗe da gane inda gizo ke saƙar.

Maganar da aka fi ji a bakin mutane ita ce, katin NHIS na farasitamol ne: in ciwon ya wuce na kai da zazzaɓi, hannunka zai koma aljihunka. Jami'ai na jin haushin wannan magana. Amma a duba yadda kuɗin ke tafiya. Gwamnati ta ba hukumar, hukumar ta ba kamfanonin da ake kira HMO, su kuma su biya asibitoci. Asibitin da mutum ya zaɓa ana ba shi wani ƙayyadadden kuɗi a kansa duk wata, ko ya je ko bai je ba. Daga cikin wannan kuɗin ne za a duba shi, a yi masa ƙananan gwaje-gwaje, a ba shi magani, shi kuma ya biya kashi goma cikin ɗari na kuɗin maganin. Tun 2012 aka tsayar da kuɗin a naira 750 kan kowane mutum a wata, kuma haka ya zauna sama da shekara goma bai motsa ba. A 2012 dala ba ta wuce naira 160 ba. A farkon 2024 ta haura naira 1,500. Yawancin magungunanmu daga Indiya da Sin ake shigo da su, waɗanda ake haɗawa a gida ma sinadarinsu daga waje yake zuwa. A watan Agustan 2023 kamfanin GSK ya sanar da tattara komatsansa, nan da nan Augmentin da abin shaƙa na Ventolin da masu asma ke dogaro da shi suka gagari mai ƙaramin ƙarfi. Da naira 750 ɗin nan aka so asibiti ya riƙe mai ciwon suga wata guda. Ba sai an yi karatun tattalin arziki ba kafin a san abin da zai biyo baya: mai kati ya zama asara ga asibiti, mai biya nan take ya zama riba, kuma kowane ma'aikaci a wurin ya san bambancin ko da ba a rubuta shi a ko'ina ba.

Na taɓa raka wani kawuna, ma'aikacin gwamnatin tarayya mai fama da hawan jini da ciwon suga, wani babban asibiti. Likita ya rubuta masa magani biyar. Muka bi layin masu kati, wanda dabam yake da na masu biya, muka iso taga. Yarinyar da ke ciki ta karɓi takardar, ta sa biro ta yi alama a gefen guda uku, ta turo mana ƙullin farasitamol da ƙwayar ƙarin jini.

"Baba, waɗannan ukun babu, sai dai a waje."

Kawu ya leƙa, ya nuna firij ɗin da ke bayanta. "'Yata, allurar insulin ɗin ba ita nake gani a can ba?"

Ta ɗan sunkuyar da kai. "Ta masu biya ce, Baba. Ku yi haƙuri."

Ba ta yi masa rashin kunya ba, kuma ba ita ta tsara abin ba. Muka tsallaka titi zuwa kemis, ya zaro kuɗin cefanen sati ya biya. Da yamma ya ba da labarin a majalisarsu ta ƙofar masallaci, inda akwai tela da direban a-daidaita-sahu da mai sayar da hatsi, duk irin mutanen da hukumar ke so su ɗauki kuɗinsu da hannunsu su yi rajista. Bayan wannan zaman, ko sau ɗari aka saka sanarwa a rediyo, labarin Kawu za su riƙe, don gani ya kori ji.

Haka zancen lambar izini yake. In ciwon ya kai a tura mutum wurin babban likita ko a yi masa tiyata, sai asibiti ya nemi izini daga kamfanin HMO. An sha barin marar lafiya a kan benci tun safe har la'asar ana kiran wata waya a Legas ko Abuja ba a ɗauka. Shekara da shekaru mutane na wannan ƙorafi ana cewa suna zuzutawa. A 2025 sai ga hukumar da kanta ta ba kamfanonin umarnin su riƙa ba da izini cikin awa ɗaya. Umarni ne mai kyau, amma kuma shaida ce cewa masu ƙorafin ba ƙarya suke yi ba. Kafin nan, tsakanin 2016 da 2019, duk mai sauraron rediyo ya sha jin rigimar Farfesa Usman Yusuf, shugaban hukumar na lokacin, da kamfanonin HMO da ministan lafiya Isaac Adewole: a dakatar da shi, a maido shi, a sake dakatarwa, zarge-zarge na tashi ta kowane ɓangare. Ko wa ke da gaskiya, abin da mai sauraro a Funtuwa ko Azare ya kwasa shi ne, akwai biliyoyin naira a wurin, manya na kokawa a kansu, shi kuma an ce masa babu magani.

An ƙara kuɗin da ake ba asibitoci a 2024, aka sake ƙarawa a 2025 har ya kai kusan naira 1,450 kan kowane mutum. Wannan shi ne gyara mafi ma'ana da aka yi wa tsarin cikin shekara goma, kuma ya fi kowace sabuwar doka amfani. Sai dai ra'ayin da aka shekara goma sha biyu ana ginawa a bakin taga, a bakin tagar zai rushe, in mutum ya je sau uku a jere ya samu maganinsa cikakke.

Akwai kuma wani abu da masu tsara manufofi a Abuja ba sa ɗauka da nauyi, alhali a gidajenmu shi ne kan gaba. Katin ma'aikaci yana ɗaukar shi kansa, da matar aure ɗaya, da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Jihohi da dama sun bi wannan sawu da suka zo kafa nasu hukumomin. Wanda ya zana wannan iyali a takarda bai taɓa shiga gidan malamin firamare a Gwarzo ko Birnin Kudu ba, inda za ka tarar da mata biyu, 'ya'ya tara, tsohuwa a ɗakin tsakar gida, da marayun ƙanin maigida guda biyu. Na ga wani maƙwabcina zaune da fom a kan gwiwa ya kasa cikewa. In ya rubuta uwargida, amarya ce mai ciki. In ya rubuta amarya, ya san maganar da za ta biyo baya, kuma shi mutum ne mai tsoron rashin adalci tsakanin matansa. Cikin yaran kuwa ya zaɓi mai sikila da ƙananan uku, ya bar sauran. An ce ana iya ƙara wasu in an biya ƙarin kuɗi, amma albashin da zai biya da shi ne ba ya kaiwa ƙarshen wata. Abin da ke faruwa daga baya kowa ya sani: in Sadiya ta kwanta ciwo, sai a kai ta da katin Maryam. Hukuma ta kira shi maguɗi, kuma maguɗin ne, har ma yana da hatsari, don tarihin ciwon wata ne ke shiga fayil ɗin wata. Amma in tsari ya mayar da mutanen kirki masu maguɗi a gida bayan gida, a fara tuhumar tsarin. Wanda ya ce wannan inshora ba don irinmu aka yi ta ba, lissafin gidansa ya yi.

Zancen addini kuwa, ina ganin an fi ƙarfinsa da ambato. Gaskiya ne malamai sun yi magana kan inshorar kasuwanci da abin da ke cikinta na garari da riba, kuma shi ya sa Kano da Katsina da Sakkwato da Jigawa da sauran jihohin Arewa suka gina nasu a kan taimakekeniya, kowa ya zuba a taimaki wanda ciwo ya kama. Kano ta yi dokarta tun 2016. Amma cikin mutanen da na ji suna sukar tsarin, waɗanda suka kawo hujjar haramci ba su taka kara sun karya ba. Mafi yawa tambayarsu ɗaya ce: in na biya, zan samu?

Kuma tambayar tana da tarihi. Dattawanmu sun ga zamanin da ake zuwa asibitin gwamnati da kwalba a zuba maka magani ba ko kwabo. Sun ga yadda abin ya watse bayan tsarin tsuke bakin aljihu na Babangida a 1986, asibitoci suka koma wuraren rubuta takarda. Sun ga magungunan PTF, hukumar asusun rarar man fetur, sun zo a zamanin Abacha, sun kuma ga sun tafi da aka rushe hukumar. A Kano ba a manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara, goma sha ɗaya cikin yara ɗari biyun da aka yi gwajin da su suka rasu, shari'ar ta ja har aka yi sulhu a 2009. Da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, duniya ta yi ta yayata jita-jitar hana haihuwa, amma akwai tambayar da iyaye ke yi wa masu ɗigo a ƙofar gida wadda ba jita-jita ba ce: me ya sa kuke bin mu gida-gida da wannan kyauta, amma in zazzaɓi ya kama yaro muka kai shi asibiti sai a ce babu magani? Ƙauracewar ta jawo asara mai yawa, yara sun shanye a banza, cutar ta tsallaka ƙasashe. Tambayar kuwa har yau ba a amsa ta da kyau ba.

Sai kuma abin da mutane ke gani a sama. A watan Oktoban 2017 uwargidan shugaban ƙasa Aisha Buhari ta fito fili ta ce asibitin fadar shugaban ƙasa ko sirinji babu, na'urar ɗaukar hoto ba ta aiki. A shekarar ce mijinta ya shafe sama da kwana ɗari a jere yana jinya a Landan. Kafin shi 'Yar'aduwa Saudiyya aka kai shi. In wanda ya sa hannu a dokar lafiya ba ya kwanciya a asibitin da dokar ta gyara, talaka ya gama fahimtar saƙon.

Duk da haka akwai inda na rabu da jama'a, kuma ba ƙaramin wuri ba ne. Daga "an cuce mu a taga" mutane kan tsallaka zuwa "babu abin da ya canza, duk yaudara ce". Wannan kam ba daidai ba ne. Dokar lafiya ta ƙasa da Jonathan ya sa wa hannu a 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. An yi jan ƙafa har 2018 kafin kuɗin ya shiga kasafi, naira biliyan 55, amma da ya fara fita sai ya riƙa sauka kai tsaye a asusun ƙananan asibitoci sama da dubu takwas, kusan ɗaya a kowace mazaɓa, wajen naira dubu 300 duk wata uku a farko. Kuɗin kaɗan ne, amma asibitin sha-ka-tafi da a da ko kwan fitila sai ya jira sakatariyar ƙaramar hukuma, yanzu yana iya gyara famfo, ya sayi safar hannu, ya ɗauki ungozoma ta kwana. Mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta sauko daga 132 cikin dubu a binciken 2018 zuwa 110 a na 2023 da 2024. Ba inshora ce ta yi wannan ba, akasari gidan sauro ne da rigakafi da maganin zazzaɓin da ake raba wa yara wata-wata da damina, amma duk cikin gyaran ne, kuma yaran da suka rayu suna nan suna wasa a lungu.

Matsalar ita ce alherin irin wannan gyara ba ya surutu. Ma'aikacin jihar da aka yi wa matarsa tiyatar haihuwa da katin taimakekeniya bai sayar da gonarsa ba, bai miƙe a masallaci bayan sallar Isha'i da takardar asibiti a hannu ba, ba a karanta sunansa a shirin neman taimako na rediyo ba. Ya yi hamdala, ya yanka ragon suna, maganar ta mutu a nan. Wanda aka ce wa babu insulin kuwa, unguwa duka sai ta ji. Ga kuma mutum na uku, wanda ya fi su yawa: ana zaftare masa albashi duk wata, Allah ya ba shi lafiya shekara guda bai je asibiti ba, sai ya ce an cinye masa kuɗi. Mun saba da adashe, inda kowa ya zuba ya san ranar kwasarsa na zuwa. A nan kuwa zubi kake yi kana roƙon Allah kada kwasar ta zo kanka. Wannan ɓangaren ne kaɗai na yarda yana buƙatar bayani, kuma malamai a kan mumbari sun fi kowane jami'i iya yin sa, tunda asalin taimakon juna ne.

Rashin yardar nan kuma ba ra'ayi ne kawai da ke yawo a iska ba, yana cin tsarin daga ciki. In masu lafiya suka ƙi shiga, sai a bar asusun da masu ciki da masu hawan jini da waɗanda likita ya riga ya ce za a yi musu aiki. Kuɗin da ke fita ya fi wanda ke shiga, asusun ya kasa biyan asibitoci, asibitoci su ce babu magani, masu lafiyar su ce ai dama mun faɗa. Dokar da Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2022, wadda ta mayar da NHIS zuwa NHIA, ta yi ƙoƙarin toshe wannan kafa ta hanyar wajabta inshora a kan kowa, tare da alkawarin asusun da zai ɗauki nauyin marasa ƙarfi miliyan 83. Wajabtawa a takarda abu ne mai sauƙi. Wa zai bi mai shayi da mai faci da manomin Ɗanja ya karɓi kuɗin? Ma'aikaci ne kaɗai ake iya cire wa tun kafin albashi ya iso hannunsa. Sauran sai da yardarsu, kuma a yau fiye da kashi 70 cikin ɗari na duk abin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun marasa lafiya da danginsu yake fita, a ranar da ciwo ya zo.

Wuri na biyu da na rabu da mutanenmu shi ne son jin kalmar kyauta. 'Yan siyasa sun gane muna son ta, shi ya sa ba sa rowarta: haihuwa kyauta, maganin yara kyauta, tiyata kyauta. A leƙa Nijar. A 2005 da 2006 gwamnatin Tandja Mamadou ta soke kuɗin tiyatar haihuwa da awon ciki da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Iyaye mata suka yi tururuwa zuwa asibiti, kuma an ga amfanin: mutuwar yara ta sauko daga 226 cikin dubu a 1998 zuwa 128 a 2009, sakamakon wannan mataki haɗe da ƙananan ɗakunan shan magani da aka gina a ƙauyuka da gidan sauro da sauransu. Amma tsarin shi ne asibiti ya yi aiki, ya aika takardar bashi, gwamnati ta biya daga baya. Gwamnati ta riƙa jinkiri, bashi ya taru ya kai biliyoyin sefa, kantocin magani suka bushe. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai sun bi lamarin asibiti-asibiti sun rubuta shi: dubawa kyauta ce, maganin kuwa sai a kasuwa. Mutumin Maraɗi ko Damagaram da ya ce kyautar ta baki ce yana da hujja, wanda ya ce ta ceci ɗansa shi ma yana da hujja. A 2024 gwamnatin Janar Tiani ta sake rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi, kuma tambayar da ta kayar da tsarin Tandja na nan tana jiran wannan ma: wa zai cike giɓin, kuma a wane wata?

A gida, cikin Nuwamban 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Ina goyon bayan wannan ɗari bisa ɗari. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne, kuma a binciken 2018 mace 16 ce kawai cikin ɗari ke haihuwa a asibiti a Arewa maso Yamma. Wanda ya taɓa ganin miji na zagaye dangi da tsakar dare yana haɗa kuɗin tiyata, matarsa na can tana jijjiga, ba zai yi jayayya da manufar ba. Tsorona yadda sanarwar ke isa kunne. A Abuja an ce ga mata marasa ƙarfi, a asibitocin da aka tantance. A ƙauye abin da ya iso shi ne, gwamnati ta ce tiyata kyauta ce. Sai mutum ya ɗauko matarsa ya kai ta asibitin da ba ya cikin jerin, a miƙo masa takarda: safar hannu, ruwan ƙari, zaren ɗinki, leda biyu ta jini, man janareta. A idonsa nas ɗin da ta miƙo takardar ita ce ɓarauniya, ita ta cinye abin da gwamnati ta aiko. Yawancin zagin da ma'aikatan jinya ke sha, na alkawarin da wani ya yi ne a gaban kyamara ba tare da ya aiko da kuɗinsa ba. Su ma fa ba su da yawa: ministan da kansa ya ce likitoci wajen dubu 16 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun nan, kuma waɗanda suka rage sun fi taruwa a Legas da Abuja.

Babu jinya ta kyauta, wani ne ke biya. Gana da ta kafa tata inshorar a 2003 zamanin Kufuor ta faɗa wa mutanenta gaskiya, ta ɗora kashi biyu da rabi a kan harajin kayayyaki don a riƙa zuba wa asusun, duk da haka ita ma ta sha fama da jinkirin biyan asibitoci. Mu kuwa a Abuja aka taru a 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya, kuma gwamnatin da ta karɓi baƙuncin taron ba ta kai ko rabin wannan ba a yawancin shekaru. Jihohi irin su Kano da Kaduna da Bauci sun rubuta kashi 15 ko fiye a kasafinsu a wasu shekarun, abin a yaba, sai dai rubutawa dabam, sakin kuɗin dabam.

Da za a tambaye ni, zan ce a bar auna nasara da yawan katunan da aka raba. A auna da abu ɗaya: cikin masu katin da likita ya rubuta wa magani a watan jiya, nawa ne suka samu duka ba tare da sun tsallaka titi ba? A buga adadin asibiti-asibiti. A ba magidanci damar rubuta iyalinsa yadda suke, da farashi bayyananne kan kowane ƙarin mutum, a bar tilasta masa zaɓe tsakanin matansa. Kuɗin da ke shiga asusun asibitin mazaɓa kuwa, shugaban kwamitin ci gaban mazaɓar na cikin masu sa hannu kafin a fitar da shi, ke nan akwai ɗan unguwa da ya san nawa ya shigo. A liƙa takarda a bango, da Hausa da ajami, mai nuna ranar da kuɗin ya iso da abin da aka saya da shi, yadda mai unguwa da liman da matan da ke zuwa awo za su iya tsayawa su karanta.

Zaɓen 2027 na tafe, kuma za mu sake jin kyauta daga bakin kowane ɗan takara. Duk gwamnan da ya zo neman ƙuri'a da zancen lafiya, a tambaye shi nawa asibitoci ke bin hukumar taimakekeniyar jiharsa, wane wata aka biya su na ƙarshe, kuma kason da gwamnati ta yi alkawarin zubawa a kan abin da ake cirewa daga albashin ma'aikata, ta zuba ko ba ta zuba ba.